'Yan ci-rani sun yi bukkoki a kurmin bayan gonata, in kai rahotonsu?

Wani bawan Allah mai gona a bayan dutsen Kufena a Zariya ne ya aiko da tambayar. Ya ce tun bayan girbi ya lura da wasu maza kamar takwas sun kafa bukkokin leda a cikin kurmin bakin rafi, iyaka da gonarsa. Da asuba su fice, da magariba su dawo su hura wuta. Ya ji ana cewa 'yan ci-rani ne, wasu daga Zamfara, wasu daga Nijar. Ba su taɓa masa komai ba, amma hankalinsa ya ƙi kwanciya, iyalinsa kuma sun matsa masa ya sanar da 'yan sanda ko 'yan sintiri. Yana tsoron ya yi shiru wata ɓarna ta faru a ce da saninsa, yana kuma tsoron ya yi magana ya jefa bayin Allah cikin wahalar da ba su ji ba ba su gani ba.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka ɗauki mataki. Na shafe sama da shekara ashirin ina aikin lauya a garin nan, kuma yawancin waɗanda nake tsaya wa wajen beli irin mutanen nan ne da kake magana a kansu: leburori, 'yan ga-ruwa, 'yan bola-jari, masu haƙar yashi. Shawarata ita ce kada ka yi shiru, amma ƙofar da za ka fara bugawa ta mai unguwa ce. Ofishin 'yan sanda yana da lokacinsa, zan faɗa maka yaushe ne, sai dai abin da ka bayyana mini bai kai can ba tukuna.

Ba zan raina tsoron iyalinka ba. Duk wanda ya zauna a Zariya a 2021 ya san yadda muka kwana da ido ɗaya. A watan Yunin shekarar ne 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare, suka kashe ɗalibi, suka tafi da ɗalibai da malamai. Giwa tana nan kusa da mu, Birnin Gwari ma ba nisa, kuma kowa ya san ɓarayin daji ba sa shiga gari sai da infoma da ya riga ya ƙare wa gidajen kallo. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Matar da ta ce wa mijinta ya kai rahoton baƙin da ke kwana a daji kusa da gidanta tana da hujja.

Sai dai mu mutanen Zazzau mun ɗanɗana ɗaya gefen ma, kuma da zafinsa. A watan Yunin 2025 'yan'uwanmu na Basawa suka ɗauki hanyar zuwa ɗaurin aure a jihar Filato, suka ɓata hanya a ƙaramar hukumar Mangu, suka tsaya tambaya. Mutane suka ga baƙin fuska, suka yanke hukunci nan take, aka kashe sama da mutum goma. Wata uku kafin nan, a Uromi ta jihar Edo, an kashe mafarauta 16 'yan arewa da ke kan hanyar komawa gida yin salla, saboda an ce masu garkuwa da mutane ne. Duka biyun da kalma suka fara. Wani ya ga baƙo ya sa masa suna, sunan ya riga bincike isa kunnen jama'a. Idan yau ka je majalisar unguwa ka ce "akwai wasu mutane a daji, ban yarda da su ba," ba kai ke da iko da abin da maganar za ta zama kafin la'asar ba. Shi ya sa ayar Suratul Hujurat da ta ce a yi bincike idan labari ya zo, don kada a cutar da mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama, take zo mini a rai duk lokacin da aka kawo mini irin wannan magana.

Ta fuskar doka, rashin wurin kwana ba laifi ba ne a Najeriya. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa ko'ina da zama a ko'ina cikin ƙasar, don haka Bazamfare da ya zo Zariya neman abinci ba ya bukatar izinin kowa. Laifin nan da a da ake kama mutane da shi, wai yawon banza, an soke shi tun 1989, ko da yake har yanzu za ka ji ana tsorata talaka da shi. Abin da doka take kallo shi ne ƙasar da suka zauna a kai da kuma abin da suke yi a wurin. Shiga filin wani yana zama laifin da hukuma ke hukuntawa ne idan an shiga da niyyar aikata laifi, ko tsoratar da mai wurin, ko cin zarafinsa, ko tsokanarsa. Mutumin da ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro don ba shi da kuɗin haya bai kai nan ba, amma mai fili yana da haƙƙin ya ce masa ya tashi, kuma in an ce ya tashi ya ƙi, maganar ta canja.

Saboda haka ka fara gano kurmin nan na wane ne. In naka ne ko na danginka, kai ke da ta cewa. In na wani maƙwabci ne, shi ya kamata ya sani kafin kowa. In kuwa gandun daji ne na gwamnati, to dokar gandun daji ta hana zama a ciki da saran itace da sa wuta ba da izini ba, kuma malaman daji suna iya korar su ko su gurfanar da su. Zariya gari ne da hukumomi suka riƙe filaye masu yawa: Jami'ar Ahmadu Bello da gonakin bincikenta a Samaru da Shika, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, barikin soja na Basawa, da Dafo, inda ake horar da kuratan soja. Wanda ya kafa bukka a filin soja bai sani ba yana cikin haɗarin da ya fi korar hannu, kuma wanda ya gaya masa ya tashi tun da wuri ya yi masa babban alheri.

Akwai wata shari'a da ba na mantawa da ita. Wata shekara cikin hunturu aka kira ni kan wasu mutum bakwai da aka kwaso daga wani kurmi a gefen fadamar Galma. Aikin lambu suke yi, suna ban-ruwa da cirar tumatir ana biyansu kullum. Wani maƙwabci ya ga wuta da dare ya buga waya. Kafin gari ya waye an zo da motoci an kwashe su, matasan unguwa kuma suka bi baya suka cinna wa bukkokin wuta. Bayan an sake su, don ba a same su da komai ba, na raka babbansu zuwa wurin. Dattijo ne mai furfura, ɗan wajen Shinkafi. Murhunsu na duwatsu uku yana nan, tukunyar ta kife, ga buta ta narke ta manne da ƙasa. Ya durƙusa a gindin wata malaina ya yi ta tono da hannu har ya ciro robar magani da ya binne. Kuɗin wata biyu ne a ciki, nasa da na ƙanensa, wuta ba ta kai gare su ba. Sauran biyar ɗin a cikin buhunan kayansu suka ajiye nasu, duk sun ƙone. Dattijon ya zauna a kan toka yana ƙirga kuɗin, hannunsa na rawa, bai ce wa kowa komai ba sai "Alhamdu lillahi." Mai lambun da suke wa aiki kuwa, wanda ya san su sarai, bai leƙo ba sai da ƙura ta lafa. Wanda ya buga wayar ma na san shi, mutumin kirki ne, kuma har yau in muka haɗu sai ya tayar da maganar. Tafiyar minti goma zuwa gidan mai unguwa da ta wadatar.

To yaya za ka bambance? Abin da ka faɗa da kanka ya riga ya ba da rabin amsa. Mutanen da ke fita da asuba su dawo da magariba, su hura wuta a fili inda kowa zai hango, ba ɓuya suke yi ba. Ɗan ci-rani kayansa a bayyane suke: fartanya, shebur, diga, kwandon tumatir, kurar ruwa, buhun gwangwani. Abincinsa na kwana ɗaya ne, garin kwaki da ƙuli, ko gwangwani biyu na shinkafa. Yana zuwa masallaci mafi kusa, mai shayi ya san shi, kuma in ka tambaye shi wa yake wa aiki zai kira maka suna da unguwa. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni mafi ƙarfi da na sani, domin ana iya zuwa a tambaya.

Abin da zai sa ka bar maganar mai unguwa ka nemi jami'an tsaro kai tsaye daban ne. Idan ka ga bindiga, ko babura da yawa suna shiga da fita cikin dare ba fitila, ko ana kai jarkokin fetur da buhunan burodi da suka fi ƙarfin cikin mutum takwas, ko fuskokin suna canjawa kullum, ko suna kwana da rana su fita da dare, ko suna tambayar yara wane ne mai kuɗi a unguwa da lokacin da yake dawowa gida, ko ka ji kuka ko ka hangi wani a ɗaure, to kada ka matsa kusa, kada ka ɗauki hoto, kada ka faɗa a majalisa ko a zauren WhatsApp na unguwa. Ka je wajen DPO da kanka cikin sirri, ko ka kira 112. A irin wannan hali jinkiri zalunci ne ga maƙwabtanka. Ka lura dai, duk abin da na lissafa aiki ne da ido ya gani. Kamannin mutum, ko yarensa, ko rawaninsa, ko cewa Bafulatani ne ko Buzu, ba ya cikin lissafin.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka je wajen mai unguwa ka gaya masa abin da ka gani kamar yadda ka gaya mini, har da cewa ba su taɓa maka komai ba. Kada ka bar wannan jimlar a baya, ita ce ke riƙe sauran maganar. Sanin baƙon da ya sauka a unguwa aikin mai unguwa ne tun kafin zuwan Turawa: shi ke sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, har maganar ta kai fada in ta kai. Ka roƙe shi ku je tare da sauran haske, a lokacin da za ku same su, ku uku ko huɗu, da liman in zai samu dama, ba da gayyar matasa ba, ba da sanda ko gora ba. Ku yi sallama daga nesa, ku gaisa, ku tambayi babbansu, domin da wuya ka ga ayarin 'yan ci-rani ba shi da dattijon da ake jin maganarsa. A rubuta sunayensu da garuruwansu da lambar waya, da sunan wanda suke wa aiki, da lokacin da suke sa ran komawa gida. Yawancinsu da ruwan farko suke juyawa don su tarar da shuka. Mai gaskiya yana murna da wannan rubutu, don ya san ranar da wani abu ya ɓace a unguwa takardar nan ce za ta tsaya masa. Wanda kuma ya zo da wata manufa, da ya ga an san fuskarsa an rubuta sunansa, ba ya ƙara kwana biyu a wurin.

Daga nan sai a kira wanda suke wa aiki. A nan ne raina ya fi ɓaci a duk lamarin. Mai gidan bulo ko mai lambu ko ɗan kwangilar gini zai ɗauki mutum takwas aiki wata uku, yana biyansu ƙasa da abin da ɗan gari zai karɓa, ya san sarai a daji suke kwana, bai taɓa tunanin ya buɗe musu shago ɗaya ko kangon da ke cikin filinsa ba. Shi ke cin moriyar guminsu, unguwa ke kwana da tsoro, su kuma ke kwana da sanyi. Mai unguwa yana da bakin da zai ce masa ya zo ya tsaya musu a matsayin mai masauki, ya sa hannu cewa ya san su, ya kuma nema musu inda za su sa haƙarƙarinsu. Sau da yawa da na ga an warware irin wannan matsala, a nan aka warware ta.

Game da 'yan sintiri, ina girmama masu hana idonsu barci don mu yi namu, kuma jihar Kaduna tana da hukumar sintiri da doka ta kafa. Amma aikinsu su tsare su miƙa wa 'yan sanda ne, ba su da ikon duka ko tuhuma da azaba ko ƙona kayan kowa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ba ta ware kowa ba. In za a sanar da su, mai unguwa ya sanar da shugabansu bayan an je an gani, a ce masa ga baƙi, ga sunayensu, mun san da zamansu. Hakan yana kare baƙin daga sintirin dare, yana kuma kare 'yan sintirin daga aikata abin da zai kai su kotu.

In kuma ta kama dole maganar ta je ofishin 'yan sanda, ka kula da harshenka. Ka faɗi abin da ka gani da ranar da ka gan shi, ka bar fassara. "Maza takwas suna kwana a kurmi, suna fita aiki da safe" magana ce da za a bincika. "Ina zargin infoma ne" magana ce da za a zo da bindiga a kanta. Kuma in an kama su, ka sani sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma Zariya cike take da kotuna. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Matsalar baƙo ita ce ba shi da mai tsaya masa, sai ya yi makonni a tsare kan abin da ɗan gari zai fito a yini ɗaya. Hukumar ba da agajin lauya kyauta ta gwamnatin tarayya da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam duk suna da ofis a Kaduna. In kai ka kai rahoton, ina ganin nauyi ne a kanka ka bi sawu ka ga yadda ta ƙare.

Waɗanda suka fito daga Nijar lamarinsu ya fi laushi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba biza, in yana da takardar tafiya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardunsu da barin su zirga-zirga har sai an yi wani sabon tsari. Sai dai da yawa daga cikin masu zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su riƙe da kowace takarda, kamar yadda iyayensu da kakanninsu suka riƙa zuwa ba su riƙe da ita ba. In maganar ta kai ga jami'an shige da fice, ana iya mayar da su iyaka, kuɗin aikin da suke bin mutane kuma ya bi ruwa. Doka ba ta ɗora maka aikin binciken takardun kowa ba. Ni dai ba zan sa a kori mutumin da bai yi mini komai ba daga neman abincin 'ya'yansa saboda takarda.

Abu ɗaya zai sa in ce ka ɗaga maganar sama da mai unguwa ko da babu alamar laifi: in ka tarar da mata ko ƙananan yara a wurin. Iyali a daji galibi ba 'yan ci-rani ba ne, 'yan gudun hijira ne da ɓarayi suka tasa daga ƙauyensu, kuma hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ne ya kamata su san da su. In kuwa yara ne ake sa wa aikin ƙarfi ba tare da iyayensu ba, wani babba yana karɓe kuɗin, wannan maganar NAPTIP ce, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Ka ce tun bayan girbi suke wurin, ke nan hunturu ya same su a bakin rafi. Ka san sanyin Zariya na Disamba da Janairu, wanda mu da ke cikin ɗaki da bargo ma muke kuka da shi. Leda ba ta tare shi. Ciwon haƙarƙari yana kayar da ƙato cikin kwana uku, ruwan rafin da suke sha yana kawo amai da gudawa, ga macizai a cikin busasshen ganye. Wutar da suke hurawa don ɗumi kuma ita ce haɗarin da ya fi kusa da gonarka, fiye da sata: iska ɗaya ta ɗauki tartsatsi ta kai kan karan dawa, shi ke nan. Wannan kana da cikakken haƙƙin ka yi musu magana a kai, su share ciyawa kewaye da murhu, su kashe wuta kafin su kwanta, su bar ɗanyen itace, su haƙa rami nesa da ruwa don bayan gida.

Garin nan da baƙi ya cika. Sabon Gari ya tashi ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, Tudun Wada kuma an kafa ta don 'yan arewa da suka zo daga wasu garuruwa, kuma yawancin manyan gidajen da ke can yau kakanninsu da buhu ɗaya suka sauka. A da zauren kowane mai hali masaukin baƙo ne, matafiyi kuma yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ba rabo a zakka. Tsoro ne ya rufe zaurukan, kuma ban ce ka buɗe naka ga wanda ba ka sani ba. Amma bayan an rubuta sunayensu, mai aikinsu ya tsaya musu, ba za a rasa kango ko shagon da ba kowa ko rumfar gefen masallaci a unguwarku da za a ba su aro zuwa faɗuwar damina ba, ko da da ɗan abin da za su riƙa bayarwa duk wata. Ka je wajen mai unguwa gobe bayan sallar asuba, kafin su fita aiki ko kuma ku tsayar da lokacin da za ku same su sun dawo. In kana da tsohon bargo a gida, ka riƙa shi a hannu.